Mai Laima da Mutum Taran da Na Tura Watan Afrilu

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Litinin, sha huɗu ga watan Oktoba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran likitar fata ta asibitinmu, wadda mu 'yan unguwa muke kira Mai Laima. Kwana biyar kacal ta yi a kwance, zuciya ce ta tasar mata. Shekararta arba'in da bakwai, ta bar miji, 'ya'ya uku da mahaifiya. Ina tsakar gida ina shanya jikata ta shigo da waya a hannu, ta gaya mini. Zanin da ke hannuna ya faɗi cikin ruwan wanki, ni ma na bi shi na zauna a ƙasa.

Likita, ni ce tsohuwar ungozomar nan mai surutu, wadda kike cewa in na fara labari sai an kawo kujera da ruwan sha. Kowa ya yi kukan rashinki, ni ma na yi. Amma kukana da gauraye yake, domin akwai ƙaryar da na yi miki a cikin aikinki, na bar ki kika tafi ba ki sani ba. Mutum tara na ba ki watan haihuwarsu alhali ban san shi ba. Tun ranar da kika rasu maganar nan ta tsaya mini a ƙirji kamar ƙashin kifi. Zan faɗe ta, amma bari in fara da ke, don mutane su san wa na yi wa.

Shekara shida ke nan da kika yi mini sallama. Rana tsaka, ko gajimare babu, sai ga mace da baƙar laima a buɗe, da jaka cike da takardu. Na leƙa sama, na dube ki, na ce, "Yarinya, ko ke kaɗai ake yi wa ruwa?" Kika yi dariya har da riƙe ciki, kika ce, "Kaka, ruwa ai wanka yake yi wa mutum. Ranar nan ce abar gudu." Daga nan sunan ya bi ki, har ma'aikatan asibiti suka karɓe shi.

Abin da ya kawo ki shi ne ciwon dajin fata. A ɗakin dubawarki kina ganin zabaya da yawa, da manoma, da magina, da mata masu talla a rana, waɗanda wani ɗan ƙurji kan fito musu a kunne ko a leɓe ya ƙi warkewa. Sai wata tambaya ta shiga ranki: shin watan da aka haifi mutum yana da wata alaƙa da kamuwa da ciwon nan idan ya girma? Kin ce mini wataƙila ranar da ta taɓa jariri a watanninsa na farko tana barin wani abu a fata, wataƙila kuma babu komai, zance ne kawai. Na ce to ke wanne kike so ya zama? Kika ce, "Ni ba a tambayi son raina ba, Kaka." Na ji maganar, amma ban ɗauke ta da gaske ba, kuma daga nan kuskurena ya faro.

Da farko da katin shaida kika yi aiki. Kika tara na marasa lafiyarki, abokin aikinki mai lissafi ya zuba su a kwamfuta, sai ga watan Janairu ya yi tsiri kamar hasumiya, sauran watanni suna kwance a gindinsa. Kin ba ni labari cewa kwana biyu kina tafiya kamar ba a ƙasa ba, kin ɗauka kin gano abin da duniya ba ta gano ba. A rana ta uku kika duba ranakun, sai kika ga kusan rabin mutanen nan ɗaya ga Janairu aka haife su. Na yi dariya har na ƙware. Na shiga ɗaki na ɗauko nawa katin, ga shi nan ɗaya ga Janairu. Na marigayi mijina ma haka. Na ce, "Ai mu duk tagwaye ne a unguwar nan. Uwayenmu shawara suka yi, suka durƙusa rana ɗaya." Akawun da ke cika takarda ne, in ya tambaye ka ranar haihuwa ka ce ba ka sani ba, sai ya ba ka farkon shekara ya kira na bayanka. Wata da ta sha wannan kunyar da ta rufe bakinta. Ke kuwa duk inda kika je sai kin ba da labarin, kina yi wa kanki dariya, don kada wani ya faɗa ramin.

Shi ya sa kika bar katuna kika fito neman mu da muka yanke cibiyoyi. Shekara arba'in da ɗaya na yi ina karɓar haihuwa kafin gwiwa ta zaunar da ni. Kika shimfiɗa mini ƙa'idojinki, kuma har yau ina iya jero su. Duk mai ciwo ɗaya sai kin nemo masa mutum biyu masu lafiya, sa'anninsa, masu irin fatarsa da irin sana'arsa, don kada a gwada magini da mai zaman ofis a ɗora wa wata laifin rana. Kowane mutum sai an sami shaida biyu a kan watansa, uwa da ungozoma, ko katin asibiti na ainihi. In uwa ta rasu kuma babu kati, kina karɓar maganar ungozoma ita kaɗai, amma sai in ita ta karɓi haihuwar da hannunta kuma ta ce ta tabbata. Ni ba da kalanda nake tunawa ba. Sai in ce wannan an haife shi ruwa na zuba ta rufin ɗaki muna tara kwanuka, wancan kuma sai da muka hura gawayi don sanyi. Ki yi ta bi na da tambaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa: farkon damina ko ƙarshenta? An yi shuka ko ba a yi ba? In na ba ki watan sama, sai ki buɗe wani ɗan littafi ki juya shi zuwa na kalanda, domin na sama zagaya shekara yake yi, bana a zafi, bayan wasu shekaru a sanyi.

Akwai ƙa'idoji biyu da kika fi nanatawa. Ta farko, a fom ɗinki akwai wani gida da aka rubuta "ban sani ba". Kika ɗora yatsa a kansa kika ce, "Wannan gidan ya fi kowanne daraja a wurina. Kada ki ji kunyarsa." Ta biyu, ba za ki gaya mini wa ke da ciwo wa ba shi da shi ba, sunaye kawai za ki karanto a gauraye, don kada sanin ya karkatar da tunanina. Allah sarki, Likita. Ni za a ɓoye wa wa ke ciwo a unguwar nan? Ni da nake sanin mace ta yi ciki kafin mijinta ya sani?

Kafin in zo kan laifina, bari in faɗi abin da idona ya gani na alherinki. Bencin jira na ɗakinki a rana yake tun da aka gina asibitin, zabaya suna zaune a kai suna soyuwa kafin layi ya zo kansu. Wata uku kina hawa da sauka ofisoshi har aka kafa rumfa. Akwai magini da aka yanke wa rabin kunne, ya ƙi komawa aiki don kunyar abokansa. Kika bi shi har wurin ginin, kika tsaya cikin siminti da takalminki mai kyau, kika sa dukkansu suka jera kika duba musu kunnuwa da ƙeya, don kada ya zama shi kaɗai ne abin kallo. Ba ki taɓa kiran mara lafiya da lambarsa a gabansa ba, ba ki kuma taɓa rubuta sunansa a takardar bincike ba.

Sai jikata, wadda nake kira ƙawata. Zabiya ce, tela, shekararta ashirin da shida. Ranar farko da kika shiga shagonta, kafin ki amsa gaisuwa, kika kama keken ɗinkinta kika ce ta kama ɗaya gefen, kuka janye shi daga bakin taga. Ta ce ba ta gani sosai in babu haske, washegari kika aiko mata da fitilar tebur. Duk wata uku kina duba ta da ɗan madubinki mai ƙara girman abu, tun daga tsagar kai har tsakanin yatsun ƙafa. Ke kika saba mata da malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu da man kare rana. Da ta ce malafar tana sa ta kama da mai kiwon awaki, kika saya wa kanki irinta, kika yi mako guda kina yawo da ita a asibiti.

To ga abin da na yi. A shekara ta huɗu kika zo da sabon jerin sunaye. Ranar akwai mata a gidana, biki ake shiryawa a maƙwabta, sun zo aron tukwane suka zauna kallo. Ni kuma na riga na cika musu baki cewa ban taɓa manta haihuwar da na karɓa ba. Kika fara karantowa, ina amsawa, mata suna tafa hannu. Sai kika zo kan wani suna. Na san ni na karɓe shi, na tuna ɗakin, na tuna uwar, Allah Ya jiƙanta, amma watan ya ɓace mini ƙaf. Na dubi gidan "ban sani ba", na dubi matan nan. Na kuma san mutumin yana cikin masu ciwo, don ni na raka matarsa asibiti. Sai zuciya ta ce mini: yarinyar nan zancen rana take yi kullum, ai watan zafi take nema, shekara huɗu tana wahala, ba ta mana. Na ce, "Afrilu. Zafi kamar a gasa mutum, sai da muka jiƙa zani muka rataya a ƙofa."

Kika ce, "Kin tabbata, Kaka?"

Na ce, "Kamar yadda na tabbata ni ce nan zaune."

Jiƙaƙƙen zanin nan ƙirƙirarsa na yi a wurin. Da na ga ya shiga, sai abin ya yi mini daɗi, irin daɗin da nake ji in na tsorata jikoki da tatsuniya. Kafin wata biyu na yi haka sau tara. Duk wanda na manta watansa in lafiyayye ne sai in ce ban sani ba, don ki ga ni ma ina amfani da gidan. In mai ciwo ne sai in tura shi Afrilu, kowanne da nasa ƙawataccen labarin. A raina kyauta nake yi miki.

Bara na je duba gwiwata na biya ta ofishinki. A fuskar kwamfuta na ga sanduna goma sha biyu a jere, kowane wata da tasa, ɗaya ta ɗara sauran. Na tambaya, kika ce Afrilu ce, amma kika kama hannuna kika ce, "Ba a gama ba, mutanen ba su da yawa, yana iya zama dace kawai. Kada wannan ya fita." Na ce haba, ni? Kafin in isa gida na gaya wa mutum uku. Na san yadda aka yi sandar nan ta yi tsawo, amma bakina ya fi ƙarfina, ina son a ce da ni aka yi.

Maganar ta zagaya ta dawo gidana. Wata rana da azahar na ga ƙawata za ta kasuwa sayen zare, kai ba malafa, hannu a waje. Na ce ina malafar? Ta ce, "Tsohuwa, ai ni 'yar Disamba ce. Ba ke kika ce 'yan Afrilu abin yake kamawa ba?" Na ce Likita ba ta ce haka ba. Ta ce, "Amma ke kin gani da idonki." Ranar da za ta zo wurinki kuwa sai ta ɗauko malafar ta kafa, ta dawo ta rataye a ƙusa.

Sau uku na zo don in gaya miki. Na farko na tarar da layi har bakin rumfa, na ce ba yau ba. Na biyu na zauna, na fara da wasa don in sassauta harshena, wasan ya ja mu har lokacinki ya ƙare. Na uku ke kika riga ni magana. Kin rame, na lura, amma na ɗauka aiki ne. Kika ce idan aka buga binciken za a rubuta godiya ga ungozomomi, kuma ni ce ta farko, domin ba ki taɓa ganin ƙwaƙwalwa irin tawa ba. Na yi murmushi na ce ai baiwa ce. Da sauƙi in rubuta a nan cewa na shirya zuwa washegarin ranar da kika rasu, amma ba zan ɗora wata ƙaryar a kan ta farko ba. Ban shirya ba. Da kin ƙara shekara goma wataƙila da har yanzu ina cewa ba yau ba.

A gidanku wurin gaisuwa na haɗu da mai lissafi, ya zauna a gefe yana goge tabarau da bakin riga. Ya ce sun yi alkawari za su ƙarasa aikin su buga shi da sunanki. Na tambaye shi, kamar da wasa, ko sandar nan tana nan. Ya ce, "Tana nan, Kaka, amma da ƙyar take tsaye. Masu ciwon ɗari da tamanin ne kawai. Mutum goma ma sun isa su kayar da ita." Na dubi mahaifiyarki tana jan carbi, na dubi 'yarki babba mai irin goshinki, na ga ƙaryata za ta shiga littafi da sunanki a sama, ta tafi garuruwan da ban taɓa zuwa ba, wata zabiyar ta karanta ta rataye malafarta.

Duk da haka kwana goma na yi ina juya maganar. In na faɗa, na rushe miki aikin shekara shida ba kya nan balle ki kare shi. In na yi shiru, kin kwanta da abin da ba naki ba. Ina cikin wannan ne, ranar Juma'a ina yi wa ƙawata kitso, na ga wani ɗan ɓawo a saman kunnenta na dama, bai kai ƙwayar wake ba. Na ce mene ne wannan? Ta ce ya fi wata yana nan, yana ɓarewa yana dawowa. Na ajiye tsinken kitso.

Ranar Litinin na hau mota na tafi asibiti. Ofishinki yana nan yadda kika bar shi, kofin shayinki a kan tebur an kife shi. Na ce wa mai lissafi ya rufe ƙofa. Na faɗi sunaye tara ɗaya bayan ɗaya, waɗannan kam ban manta su ba. Ya buɗe durowa da mabuɗi, ya ciro littafin da ke haɗa suna da lamba, ya bi su da yatsa. Sai ya ce, "Duk taran masu ciwo ne. Ya aka yi kika sani?" Na ce, "Ɗana, a unguwar nan nake kwana." Ya dafe goshi. Ya ce ba laifina ba ne ni kaɗai, su ma ya kamata su yi tunanin ungozoma ta fi su sanin gidaje. Na ce kada ya rage mini, nawa ne.

Ya mayar da su gidan "ban sani ba" a kwamfuta, ya danna. Ban ƙifta ido ba. Na ɗauka abin zai ɗauki kwanaki, ashe ko numfashi biyu bai kai ba. Sandar Afrilu ta sauko ta tsaya kusa da 'yan uwanta, sai ka ƙura ido kafin ka ga ta ɗara su.

Na ce, "Shi ke nan na kashe mata aiki."

Ya mayar da littafin cikin durowa. Sannan ya ce, "Za mu sake bin duk amsoshinki, da na sauran ungozomomin, zai ci mana shekara. In ba mu ga komai ba, za mu rubuta ba mu ga komai ba. Ita da haka za ta yi." Ya ce kuma dole ya sanar da mijinki. Na ce ya bari su ji daga bakina, shi ya sa nake wannan rubutu.

Na gaya wa ƙawata a daren ranar kafin mu ci abinci. Ba ta yi mini tsawa ba, da ma ta yi. Ta dube ni ta ce, "Wata bakwai, Kaka. Kina kallona ina fita ba malafa." Yau kwana huɗu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Sabon likita ya yanki ɗan ɓawon ya aika a gwada, ya ce mu dawo bayan mako biyu. Ya ce yawancin irinsa in an kama da wuri ana maganinsa. Ina ta maimaita wannan "yawanci" a raina, wani lokaci ya ishe ni, wani lokaci ya kasa.

Ku da kuka ji zancen Afrilu daga bakina ko daga bakin wanda ya ji a wurina, ku zubar da shi. Likita ba ta taɓa faɗa ba, ni na ƙulla. Ko a wane wata aka haife ku, ku rufe kanku da hannuwanku, kuma duk ƙurjin da ya wuce wata bai warke ba ku kai a duba.

Ya Allah Ka jiƙan baiwarKa. Ka yalwata mata kabarinta, Ka sanyaya shi kamar yadda ta nema wa bayinKa inuwa, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi, Ka karɓi shekarunta shida na neman gaskiya ko da bayinKa irina sun ɓata mata hanya. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinta, da 'ya'yanta uku, da abokan aikinta, da marasa lafiyarta da yanzu suke zaune a ƙarƙashin rumfa suna jiran wata fuskar. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ta bari.

Ke kuma mahaifiyarta, 'yar uwata a tsufa, ke na fi jin nauyi. 'Yarki ta yarda da ni, na ci amanarta, kuma ta tafi inda ba zan iya durƙusa mata ba. Ranar Asabar da safe zan zo gidanku. Ba zan zo da labari ko wasa ba. In kin ce in shigo, in shigo. In kin ce in tsaya a ƙofa, zan tsaya.